Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Tsangayoyin Ilimi da Hukumar TETFund: A Biya Ɗaliban da ke Taya Malamai Bincike

Zuwa ga shugabannin tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu na Arewa, da mahukuntan hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu da kuɗi.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuka yi da mu. Ni ɗalibarku ce ta jiya, yau kuma ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kunya tana hana ni, domin ɗa ba ya son ya zama shi ke nuna wa uba hanya. Amma abin da nake gani a aji kullum ya sa na ga shirun ba zai amfane mu ba. Roƙona shi ne ku buɗe wa ɗaliban digirin farko guraben aikin taya malamai bincike, aiki mai albashi, mai sa'o'i sanannu, wanda za a tallata shi kowa ya nema, musamman a binciken da ya shafi manufofin ilimi da abin da ke sa yaro ya so karatu ko ya guje shi.

Bari in fara da abin da ya faru da ni, domin daga can na san zafin abin.

Ina aji uku a jami'a wani malaminmu ya kira mu, mu huɗu, ya miƙa wa kowa damin takardun tambayoyi guda 150. Ya ce mu kai makarantun firamare na wata ƙaramar hukuma, 'yan aji biyar da shida su cike, mu dawo da su cikin mako biyu. Binciken a kan ƙwazon ɗalibai ne. Ya ba mu kuɗin mota na zuwa ɗaya, ya yi mana addu'a, muka fito muna jin an girmama mu. Ranar farko na isa makarantar da hantsi. Hedimasta ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka tara mini yara a ajin da rufinsa bai yaye ba. Na raba takardu. Da Turanci aka rubuta su, kowace tambaya da akwatuna biyar a gabanta, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". Yaran suka riƙe takardun suna kallona. Wani ya juya tasa kai ƙasa bai sani ba. Sai na koma ina karanta tambaya ɗaya-ɗaya, ina fassarawa da Hausa, suna amsawa baki ɗaya da abin da suke ganin zai faranta mini rai. Har aka tashi tambaya goma sha ɗaya muka yi cikin talatin. Kuɗin motar ya ƙare a ranar. Na sake komawa sau biyu da kuɗin abincina, na kawo abin da na iya. Biyu daga cikinmu ba su da ko wannan. Na ga ɗaya daga cikinsu a ɗakin kwananmu da dare, takardu baje a kan katifa, biro uku a hannunta, tana sauya su tana sauya salon rubutu don kada a gane hannu ɗaya ne ya cike. Ban hana ta ba, kuma ban faɗa wa kowa ba, wannan yana damuna har yau. Yarinya ce mai gaskiya, marainiya, wadda ke yi wa 'yan ɗaki kitso don ta sayi takardun lakca. An ɗora mata aikin da ba ta da kuɗin yinsa, kuma wanda ya ɗora shi ne zai ba ta maki a ƙarshen zango.

Bayan shekara guda na ga an buga sakamakon a wata mujalla. Akwai jadawali, akwai kaso-kaso, akwai shawarwari ga gwamnati. Babu sunan ko ɗaya daga cikinmu, ko a wajen godiya. Malamin ba mugu ba ne, shi ma daga albashinsa ya ciri abin da ya ba mu. Amma na san a kan me aka gina wani ɓangare na waɗannan alƙaluma, kuma duk wanda ya bi ta tsangayar ilimi ya san ba mu kaɗai ba ne. Ɗalibai sun daɗe suna yin wannan aiki. Su ne ke yawo da takardu, su ne ke shigar da amsoshi a kwamfuta, su ne ke jin faifan hira suna rubutawa. Abin da ya rage shi ne a amince cewa aiki ne, a koya musu yinsa da kyau, a biya su.

A wasu ƙasashen an daɗe da wuce wannan gaɓa. A Amurka, jami'ar MIT ta buɗe shirinta na shigar da ɗaliban digirin farko cikin bincike tun 1969, bisa jagorancin wata malamar kimiyya, Margaret MacVicar, inda ɗalibi ke zaɓar a biya shi kuɗi ko a lissafa masa aikin cikin darussansa. Hukumar da ke ba da kuɗin binciken kimiyya ta ƙasar ta fara nata shirin a 1987, tana ɗaukar ɗalibai na kusan mako goma a dogon hutu tare da alawus. Tun 1964 kuma suna da dokar da ke sa gwamnatin tarayya ta biya wani kaso na ladan ɗaliban da ba su da hali idan suka yi aiki a makarantunsu. Ban kawo wannan don in ce aljihunmu ɗaya da nasu ba. Na kawo shi ne saboda su ma da wata malama guda da ta dage aka fara. In kuma ana son misali daga inda talauci ya yi kama da namu, ga Indiya: tun 2005 ƙungiyar Pratham take gudanar da gwajin karatu da lissafi na gida-gida a ƙauyuka, kuma yawancin masu shiga gidajen matasa ne da aka horar, da dama daga cikinsu ɗaliban kwalejojin horon malamai na gundumomi. Daga aikin waɗannan matasa ƙasar ta ga a fili cewa cika aji da yara daban, iya karatu daban.

Mu ma ba baƙi ba ne ga biyan ɗalibi don ya koyi aiki. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu tun 1973, kuma ɗan injiniya ko ɗan kimiyya ya san yana da wani alawus da aka tanada masa, ko da yana zuwa a makare. Ɗan tsangayar ilimi kuwa yana zuwa koyarwar gwaji da kuɗin aljihunsa, ya sayi kwali da maka da kansa. A Oktoban 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa za ta riƙa ba masu digirin ilimi naira dubu 75 a kowane zango, masu NCE kuma dubu 50. A 2024 asusun NELFUND ya fara ba da rancen karatu, har da naira dubu 20 a wata na ɗawainiya. Duka biyun suna da amfaninsu. Amma na farkon kyauta ce, na biyun bashi ne da za a biya bayan bautar ƙasa. Wanda nake roƙo lada ne na gumi, wanda ɗalibi zai karɓa kansa a ɗage, ya fita da sana'a a hannu.

Ranku ya daɗe, kuɗin da za a yi wannan da shi yana nan. An kafa asusun tallafa wa ilimi a 1993 bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, aka mayar da shi TETFund a 2011, kuma harajin da kamfanoni ke zuba masa ya tashi daga kashi 2 zuwa 2.5, sannan zuwa kashi 3 cikin ɗari a 2023. Hukumar tana da asusun bincike na ƙasa ga manyan ayyuka, tana kuma da tallafin binciken da ake rabawa ta hannun kowace makaranta. Abin da nake nema a wajenku, mahukuntan hukumar, layi ɗaya ne a takardar kasafin kowane binciken ilimi da za ku amince da shi: ladan ɗalibai mataimaka, mutum nawa, sa'a nawa, nawa a sa'a. Kada a saki kaso na ƙarshe na kuɗin sai an ga shaidar cewa ladan ya shiga asusun bankin ɗaliban. Ko ɗalibai uku ne a kowane aiki, sa'a takwas zuwa goma a mako, da abin da bai gaza dubu 30 a wata ba, bai kai kuɗin da ake kashewa a taron bita guda na otal ba.

Me ya sa na matsa a kan binciken manufofin ilimi da ƙwazon ɗalibai? Saboda a nan ne muke yanke manyan hukunci da ƙaramin sani. Hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a wajenmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. A 2016 jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare, azuzuwa suka cika maƙil, sai kuma aka yi ta jin malamai suna cewa wasu yaran da zarar sun ci sai su sulale. A 2017 jihar ta yi wa malaman firamare jarrabawa, sama da dubu 21 suka faɗi aka sallame su. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 aka soke. Kowanne daga cikin waɗannan ya sauka a kan wani yaro da ke zaune a kan tabarma ko a kan daɓe a wani aji. Wa ya je ya zauna da yaron nan wata uku ya ga abin da ya sauya? Yaron da ya ci abinci ya sulale, ina ya tafi, gona ko kasuwa ko makarantar allo, kuma me zai sa ya zauna? Idan an bi sawu, za a tarar yawancin amsoshin da muke da su sun fito ne daga ayyukan da ƙungiyoyin waje suka biya, su tattara su tafi idan wa'adinsu ya cika. Alhali ga tsangayoyin ilimi a Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Katsina, Dutsin-Ma, Gombe, Bauci, cike da dubban matasan da suka fito daga ainihin garuruwan da ake magana a kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zan ba ku misali daga ajina. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu, tana cikin biyar na farko a lissafi. A zango na biyu ta fara fashi, kwana uku ko huɗu a jere, kusan kowane wata. A rajista na rubuta ba ta zo ba. Da an kawo wa malamanmu takardar tambaya a kan dalilin fashin 'yan mata, na tabbata da mun zaɓi talla, ko sakacin iyaye, ko shirin aure, domin su ne akwatunan da aka saba ba mu. Wata ɗalibar jami'a da ta zo mana koyarwar gwaji ita ta gano. Unguwarsu ɗaya, ta bi ta gida da yamma, ta zauna da uwar a tsakar gida ana tankaɗe. Ashe yarinyar ta fara al'ada ne, banɗakin makaranta ba ƙofa ba ruwa, kuma sau ɗaya ta tashi a aji 'yan maza suka yi mata dariya. Uwar tana son karatun 'yarta fiye da kowa. Muka haɗa kuɗi aka sa ƙofar langa-langa, aka ajiye buta da bokiti, muka yi magana da 'yan matan su kaɗai. Yanzu tana aji uku. Wannan ɗaliba da ta bi ta gida ta yi binciken da farfesa namiji ba zai iya yi ba komai iliminsa, domin a zaure zai tsaya, kuma a zaure maigida ne zai ba shi amsa. Ta yi shi kyauta, ba wanda ya rubuta, ta gama ta tafi da abin da ta sani. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2020 da dala miliyan 500 yana gina azuzuwa da banɗakuna don 'yan mata a jihohi irin su Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno. Ashe bai kamata a ce 'yan matan tsangayoyinku ne ke bin gidaje suna auna ko ginin ya dawo da yara ba, da horo da lada?

Na san abin da wasu iyayenmu malamai za su ce, domin na ji shi a ofis: neman ilimi ibada ne, idan aka sa kuɗi a ciki yara za su riƙa yi don kuɗin. Ban raina wannan magana ba, kuma ku kuka koya mana tushenta. A 1971 masanin halayyar ɗan Adam Edward Deci ya ba ɗaliban jami'a wani wasan haɗa 'yan guntaye, ya biya wasu bai biya wasu ba, ya ga waɗanda aka biya sun rage taɓa wasan da kansu bayan an daina biya. Amma ku kuka kuma koya mana abin da shi da abokin aikinsa Richard Ryan suka gina a kai daga baya, cewa ƙwazon da ke fitowa daga zuciya yana tsayawa ne a kan abu uku: mutum ya ji yana da ta cewa a aikin, ya ji yana ƙwarewa, ya ji yana tare da mutanen da suka damu da shi. Ɗalibin da aka miƙa wa dami aka ce ya dawo da shi cike ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Bai san me ake nema ba, ba a koya masa komai ba, malamin ba zai sake nemansa ba sai ranar karɓa. Tsoron maki ne kawai ke tura shi. Sannan aikin kyauta mai hali kaɗai ke iya ɗaukarsa. Wanda ke tuƙa adaidaita da yamma, ko ke zama a shagon cajin waya, ko ke koyarwa a makarantar kuɗi ta unguwa don ya biya rajista, ba shi da sa'a goma ta bayarwa. Su ne kuma suka fi kowa sanin abin da ke fitar da yaro daga aji, don sun kusa fita da kansu. Darasin da zan ɗauka daga Deci shi ne na yadda za a biya: a biya da sa'a, kada a biya da yawan takardar da aka cike, domin wanda aka ce masa kowace takarda naira ɗari biyu an riga an nuna masa hanyar katifa da biro uku.

Ku kuma shugabannin tsangayoyi, akwai abin da ke hannunku wanda ba ya jiran Abuja. A manna sanarwar guraben a allo da zauren WhatsApp na kowane aji, a faɗi aikin da ladan, a yi hira da masu nema a gaban malamai fiye da ɗaya. Idan aka bar shi a hannun malami shi kaɗai, ɗan ɗakinsa zai ɗauka, ko 'yar abokinsa. Kuɗin ya bi ta ofishin kuɗi na jami'a zuwa asusun ɗalibi. Ina faɗin wannan a matsayina na mace: kada a bar yarinya tana zarya ofishin namiji tana roƙon haƙƙinta, kuma a guji haɗa mai biya da mai ba da maki a zango ɗaya in da hali. Kafin a tura kowa, a ba shi horon ko da mako ɗaya ne: yadda ake neman izinin uba da uwa da hedimasta, yadda ake ɓoye sunan yaro, yadda ake tambaya ba tare da an sa wa mutum amsa a baki ba, yadda ake shigar da amsa a waya da manhajoji na kyauta irin su KoboToolbox, waɗanda ke aiki ko ba intanet kuma suna nuna lokaci da wurin da aka cike. A sa ɗaliban su zauna da malami a fassara tambayoyin zuwa Hausa ko Fulfulde ko Kanuri, a gwada su a kan yara goma kafin a buga ɗari biyar. Kalmar ƙwazo kanta, da himma, da sha'awa, da naci, ba abu ɗaya suke nufi a kunnen ɗan shekara goma sha ɗaya ba, kuma ɗalibin da ya tashi a garin ya fi kowa jin bambancin. Kada a tura yaran mutane hanyar da malamin da kansa ba zai bi ba, halin tsaronmu ba ɓoyayye ba ne. Idan an buga aikin, a sa sunayensu.

Akwai wata riba da za ta dawo muku kai tsaye. Kun fi ni sanin halin da kundin kammala digiri yake ciki, yadda ake sayensa a shagunan buga takardu na bakin ƙofa, a sauya sunan ƙaramar hukuma kawai. Kun kuma san da yawa daga cikin ɗalibanku ba ilimi suka nema ba, likitanci ko lauya suka cike, maki bai kai ba aka turo su wajenku, suna zaune da ciwon abin a zuciya. Yajin aikin wata tara na 2020 da na wata takwas na 2022 sun ƙara sanyaya gwiwar waɗanda suka ratsa ta cikinsu. Ɗalibin da ya yi zango biyu yana taya malami bincike na gaskiya, aka biya shi, ya ga sunansa a rahoton da aka kai wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharsa, da wuya ya je ya sayi kundi, domin yana da tambayar kansa da yake son amsawa. Daga cikin irinsu za ku sami masu digiri na biyu da na uku da za su gaje ku.

Ba na roƙon a fara ko'ina lokaci guda. Tsangaya ɗaya ta ɗauki ɗalibai ashirin a shekarar karatu mai zuwa, rabi mata, ta haɗa su da malamai biyar masu bincike a makarantun da ke kewaye da ita, ta buga abin da aka kashe da abin da aka samu a ƙarshen shekara kowa ya gani. Idan ana neman makarantar da za a fara da ita, akwai irin tamu da yawa, ƙofa a buɗe take, kuma muna da yaran da muka rubuta wa "bai zo ba" a rajista ba tare da mun san dalili ba. Ku turo mana ɗalibanku da kuɗin mota na zuwa da dawowa.

Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

Taku,
ɗalibarku ta jiya, malamar ƙaramar sakandare.